Lahadin Mai'adua da Alƙawarin "Sai Mun Yi Waya"

Babu mai sa wa kasuwar Mai'adua ƙararrawa a waya. Makiyayin da zai koro shanu daga cikin Nijar ta Kwangwalam, da dillalin da zai taso daga Daura, da direban tirelar da zai yi lodi zuwa Kudu, duk sun san Lahadi ce, sun kuma san abin da ke rataye a wuyan ranar: cikon kuɗin da aka ce za a kawo, bijimin da aka ce a ajiye, saƙon da za a ba wani ya kai Matamaye. Mutum ɗaya kan ɗauko alƙawura barkatai a ka, ba takarda ba alƙalami, ya cika mafi yawansu kafin kasuwa ta watse. Amma shi wannan mutumin, in ya zaro babbar waya don ya duba lambar asusun da zai tura wa kuɗi, sai ya tarar da saƙon murya a guruf ɗin 'yan unguwa, daga nan bidiyon wani malami yana wa wani raddi, daga nan barkwanci a TikTok. Ya ɗago kai ya rasa abin da ya sa ya zaro ta. Kan da ya riƙe lissafin shanu tun Lahadin da ta wuce bai lalace ba. Wurin da aka ajiye tunin ne ya canza.

Kafin a ɗora wa waya laifi, a ba ta haƙƙinta. Tun da layukan GSM suka fara aiki a Najeriya a 2001, ɗan kasuwar bakin iyaka yana cikin waɗanda suka fi cin moriyarsu. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a tsakanin 2001 da 2006, lokacin da sabis ke shiga gari bayan gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, saboda falke ya daina tafiya da ka. Yana jin farashin gero kafin ya hau mota. A farkon 2023 kuma, da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, ciniki da yawa a kara ba ya faɗawa sai an ji alat ya shigo. Wanda zai ce wa dillali ya ajiye waya a gida ranar kasuwa bai san kasuwa ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun ware tunin alƙawari, irin na ɗan kasuwar nan, daga sauran. Tuna abin da ya wuce daban, tuna abin da aka ƙudurta za a yi nan gaba daban. Wasu Amurkawa biyu, Gilles Einstein da Mark McDaniel, tun daga 1990 suka raba na biyun gida biyu: akwai aikin da aka ɗaura wa agogo, kamar a ce "ƙarfe 4 zan kira wane", akwai kuma wanda aka ɗaura wa faruwar wani abu, kamar "in na ga wane zan ba shi saƙo". Na agogo ya fi saurin kuɓucewa, domin babu abin da zai taɓo mutum daga waje. Sai shi da kansa ya riƙa leƙa lokaci. Na biyun kuwa, abin da ya faru shi ke yin tunin.

Ranar Bahaushe an gina ta ne a kan wannan na biyun, tun kafin a san sunan waɗannan masana. Asuba, hantsi, walaha, Azahar, La'asar, Magariba, Lisha. Biyar daga cikinsu ladan ne ke shelanta su, ko kana so ko ba ka so sai ka ji. Mako kuma ranakun kasuwa da Juma'a ne suka yanka shi. Shekara tana da azumi da sallolinta biyu, tana da damina da kaka da hunturu da bazara, manomi kuma yana da taurarin damina da malaman hisabi ke ƙirga masa, kusan kowanne kwana 13. Saboda haka in aka ce ɗaurin aure bayan an sauko Juma'a, ko suna rana ita yau, ko a biya bashi in an yi kaka, an rataya maganar ne a ƙusar da kowa zai wuce ta gabanta. Wani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya shahara da binciken da ya nuna cewa wanda ya tsara niyyarsa da cewa "in kaza ya faru, zan yi kaza" ya fi cika ta a kan wanda ya tsaya a "zan yi". A 2006 shi da Paschal Sheeran suka tattara gwaje-gwaje 94 da suka ƙarfafa haka. Tsohuwar da ke cewa "in na idar da La'asar zan sha maganina" ta riga su.

Akwai kuma abin da ake mantawa: tunin nan na jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Liman yana sanarwa bayan sallama. Sanƙira yana zagayawa. Goron gayyata ko alewar da aka miƙo maka tana nan a aljihu tana tuna maka. Uwar adashe tana turo yarinya da safe ta ce, "Wai in ji Inna, zubi." A majalisa wani zai ce, "Malam, gobe fa sadakar ukun nan." Ko ka sha'afa, unguwa ba ta sha'afa ba. Shi ya sa aka ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

A ganina babbar ɓarnar da waya ta yi ba a bidiyo take ba. Ta narkar da alƙawarin ne shi kansa. A da in za a rabu a kara sai an yanke magana: "Alhaji, wata Lahadin, bayan Azahar, nan turken." An gama. Kowa ya kama gabansa mako guda, babu sauran abin jira. Yanzu rabuwar ita ce, "To, sai mun yi waya." Ba rana, ba wuri, ba lokaci. Wani mai bincike a Norway, Rich Ling, ya lura da wannan tun farkon shekarun 2000, yadda masu wayar hannu suka daina tsayar da magana tun da wuri suka koma gyara ta a hanya, kira bayan kira. Sauƙi ne, babu musu: mota ta lalace a hanyar Zango, ka kira ka ce a jira. Sai dai farashinsa shi ne, wanda alƙawarinsa ke cikin kiran da bai zo ba tukuna ba shi da ikon ajiye waya. Dole ya riƙa dubawa. Kowane dubawa kuma ƙofa ce. Abin ya zama kamar yaron da aka aika sayen gishiri, hanyarsa kuma ta bi ta dandalin da ake kiɗa.

An ga nauyin wannan a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, su Jibiya da Batsari da Faskari da Funtua. Mai'adua ba ta cikinsu, amma duk mai hulɗa da waɗancan garuruwa sai da ya koma tsohon yayi na ɗan lokaci: a aika saƙo ta bakin direba, a sa rana, a kuma tsaya a kanta, tunda babu hanyar cewa "na fasa".

Me ke faruwa a ka idan an leƙa waya? Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe kusan shekara 20 tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 2004 kimanin minti 2 da rabi ne. A 2012 ya sauko daƙiƙa 75. A aune-aunen baya-bayan nan, daƙiƙa 47. Ma'aikatan ofis na Amurka ta auna, ba 'yan kara ba, kuma bai kamata a ɗauki adadin kamar hukuncin kowa ba, amma alƙiblar a bayyane take. A 2015 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Florida suka nuna cewa ƙarar shigowar saƙo kaɗai, ko ba a taɓa wayar ba, tana ƙara kurakurai a aikin da ke son natsuwa. Wani gwaji na 2017 a Jami'ar Texas, da mutum kusan 800, ya ce waɗanda aka ajiye wayarsu a wani ɗaki sun fi waɗanda tasu ke kan tebur ƙoƙari. Wasu da suka maimaita shi daga baya ba su sami sakamako iri ɗaya ba, don haka a riƙe shi da sassauci. Abin da ba ya buƙatar gwaji shi ne cewa Facebook da TikTok da YouTube da talla suke ci, tallar kuma da daɗewar ido ake sayar da ita. Manhajar kalanda da manhajar da aka ƙera don ta riƙe ka suna zaune a fuska ɗaya, yatsa ɗaya ne tsakaninsu.

To, sai a koma wa ladan da ranar kasuwa kawai? A'a, kuma a nan ne masu yabon tsohon zamani suke wuce gona da iri. Tsohon tsarin yana da ramuka. "Bayan La'asar" fili ne mai faɗin awa biyu ko fiye, kowa kuma da inda yake tsayawa a cikinsa. Lokutan sallar ma tafiya suke yi: a ƙasar Daura rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, wajen ƙarfe 7 a Yuli. Ga kuma al'amuran da ba su san ladan ba. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da rana da awa da cibiya take zuwa a takardar da ɗalibi ya buga. Zaman kotu haka, tantance maniyyata haka. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Daura aka tsara zai bi, kuma jirgin ƙasa ba a san shi da jiran wanda ya ce yana tafe ba.

Inda ramin ya fi zurfi shi ne asibiti. Rigakafin jariri a Najeriya yana da ranaku: da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9, sai wata 15. Na farkon suna da sauƙin ƙirgawa ga matar da ke kusa da Mai'adua, domin tsakanin mako 6 da mako 10 kasuwa huɗu ce cif, ma'aikaciyar da ta ce "Maman yaro, in kasuwa ta ci sau huɗu ki dawo" ta fi wadda ta rubuta kwanan wata ta miƙa kati ba bayani. Amma daga mako 14 zuwa wata 9 akwai tazarar sama da wata biyar, ba wanda zai ƙirga Lahadi ashirin da 'yan kai a ka. Allurar ƙyanda kuma a can take. Katin yana da ranar, sai dai katin yana ƙasan akwati, an naɗe shi a leda tare da takardar haihuwa don kada ya yage, inda ido ba zai sake ganinsa ba sai an tashi neman wani abu. A irin wannan gurbi saƙon tes yana da amfani na gaske. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta tattara a 2013 ya nuna tunatarwa ta tes tana ƙara yawan masu zuwa asibiti a ranar da aka ba su. Sai dai a gidaje da yawa wayar ta maigida ce, saƙon kuma zai same shi a tasha ko a gona, ya nutse a ƙarƙashin tallan kamfanin layi. Da za a ce wa uwa watan Musulunci da ranar za ta faɗo, "cikin watan azumi" ko "bayan Babbar Salla da mako biyu", a kuma rataya katin a ƙusa kusa da madubi, da an haɗa ƙarfin tsarin biyu.

Rubutu dai ba baƙo ba ne a wannan sha'ani. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take magana. Mai kanti yana da littafin bashi, wanda gefensa ya yi baƙi don shafa. Uwar adashen da ba ta yi boko ba tana jan layi da gawayi a bango, ko ta sa jikanta ya rubuta a bayan littafin makaranta. Dattijo yana rubuta ajami a bayan katin gayyata ya soke a cikin hula. Kalandar bango da 'yan siyasa da bankuna ke rabawa, musamman mai ɗauke da kwanan watan Hijira da na Miladiyya tare, ta fi yawancin manhajoji dacewa da gidan Bahaushe, in dai an rataya ta inda ake alwala ko inda ake karyawa, ba a falon baƙi don ado ba. Fifikon takarda ɗaya ne, amma babba ne: in ka duba ta, abin da ka rubuta kaɗai za ka gani. Ba ta da wani labari da za ta ba ka.

Rauninta kuma shi ne ba ta kira. Nan ne gurbin waya, gurbin ƙararrawa. 'Yan kasuwa da yawa a bakin iyaka sun riga sun gano wannan ba tare da wani ya koya musu ba: ƙaramar waya mai tocila, wadda samari ke wa laƙabi da rakani-kashi, tana aljihun gaba da layin Najeriya da na Nijar, cajinta yana kwanaki, babbar kuma tana aljihun ciki, sai za a tura kuɗi ko a ɗauki hoton dabba a aika wa mai saye a Legas. Sun yi haka ne don caji da tsoron ɓarayi, amma ribar natsuwa ta biyo baya. Ƙararrawar ƙaramar waya in ta kaɗa, ka kashe ta, shi ke nan, babu inda za ta ja ka. Wanda ba shi da halin waya biyu yana iya kusantar haka: ya rufe data sai lokacin da ya ware, ya kashe ƙarar guruf-guruf, ya bar kira da tes. Wani gwaji da aka buga a 2019 ya gano cewa waɗanda aka tara musu sanarwar waya ana sako ta sau 3 a rana sun fi jin natsuwa, waɗanda aka rufe wa ita ɗungurungum kuwa fargabar kada wani abu ya wuce su ta ƙaru. Sau 3 a rana ba abu ne mai wuyar tsarawa ba ga wanda ranarsa ta riga ta rabu biyar: bayan an karya, bayan Azahar, bayan Lisha. Ni dai ban ga dalilin da zai sa a kai waya har cikin sahu ba, inda ake jin waƙa na tashi daga aljihu liman yana tsakiyar Fatiha.

Akwai wani tarko da ya kamata mai dogaro da ƙararrawa ya sani. Sam Gilbert na Kwalejin Jami'a ta Landan da abokan aikinsa sun nuna a 2022 cewa mutane kan damƙa wa na'ura abubuwan da suka fi muhimmanci, hakan kuma yana sakar musu kai su tuna ƙananan. Amma da aka ɗauke na'urar, sai ya zama ƙananan suka fi tunawa, manyan sun tafi da ita. A garin da wuta ke zuwa in ta ga dama, waya ke kwana a shagon mai caji, wani lokaci ma a zare ta a cunkoson kasuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ranar kotu da ranar awo da ranar biyan babban bashi ba a bar wa waya ita kaɗai. A rubuta, a kuma gaya wa wani a gida.

Ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma da ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Daura matsalarsu ta ɗan bambanta, domin aikin nasu a cikin na'urar yake. Jadawalin lacca a guruf ake sa shi, canjin aji a guruf, takardar taro a WhatsApp. Ba za su iya rufewa su huta ba. Abin da ya rage musu shi ne su kwashe: da safe a buɗe sau ɗaya, a fitar da abin da ke da rana da lokaci a mayar da shi takarda, sa'an nan a rufe. Laifin ma a nan ya fi yawa a wuyan masu aikawa. Shugaban da ke sanar da taron ƙarfe 10 da ƙarfe 9 da rabi, ko malamin da ke ɗage lacca ta saƙon dare, shi ne ya ɗaure mutum hamsin a jikin waya, sa'an nan gobe ya yi faɗa cewa yaran yanzu ba sa ɗaga kai.

Saƙon murya ma haka. Ga wanda bai iya karatu ba, da matan da ke sana'a daga cikin gida, wata rahama ce da ba a taɓa samun irinta ba. Amma ba a bincika shi kamar rubutu. In ranar biki tana minti na uku a cikin saƙon minti biyar, bayan gaisuwa da ban-gajiya da tambayar yara, duk mai son ya tabbatar sai ya koma cikin guruf ya saurara daga farko, ya ratsa ta kan saƙonni arba'in da suka biyo baya. Mai gayyata da zai yi wa mutane adalci sai ya ware ranar da wurin a saƙo ɗaya gajere, ya faɗe su yadda sanƙira ke faɗa: ranar kaza, bayan sallar kaza, ƙofar gidan wane. In abin na agogo ne ya ƙara da ƙarfe nawa, ya kuma ce ko an kira ko ba a kira ba maganar tana nan.